Ƙaramin Jirgi Mai Inji Ɗaya Ko Biyu: Wanne Ya Dace Da Maradi?

Wani ɗan kasuwa a nan Maradi, wanda zirga-zirgar Yamai a mota ta ishe shi, ya tambaye ni wane ƙaramin jirgi zai saya. Shi dai hankalinsa na kan mai inji biyu, wai in ɗaya ya mutu a sama ɗayan ya kawo shi gida. Na ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, mu fara da man da zai sha tukuna."

Sau da yawa injin da ya ɗauke a sama lafiyarsa lau. Mai ne ya ƙare, ko matuƙi bai juya zuwa ɗayan tankin ba, ko ruwa ya shiga man. Cessna 172 da Cirrus SR22, ƙananan jirage masu inji ɗaya, suna shan wani fetur na musamman mai launin shuɗi, 100LL, wanda samunsa a ƙasashenmu aiki ne, sau tari sai a duro. Duron da ya kwana a waje da damina kuwa abin tsoro ne. Shi ya sa matuƙi na gari ke tsiyaye mai daga ƙarƙashin fiffike cikin ɗan kofi, ya ɗaga wa rana. Ruwa, in akwai, zai kwanta a gindin kofin kamar ƙwayar tasbaha.

Nan Diamond DA40 NG, shi ma mai inji ɗaya, ya yi musu fintinkau a wurina. Injinsa na dizal ne, yana shan Jet A-1, kananzir ɗin da manyan jirage ke sha, wanda ya fi sauƙin samu a filayenmu. Matsalarsa makaniki: injin da kwamfuta yake aiki, ba kowa ke taɓa shi ba.

Mai inji biyu, irin Piper Seneca ko Beechcraft Baron, yana da rana, amma ba yadda Alhaji ke zato ba. In ɗaya ya mutu, kusan kashi 80 cikin 100 na ƙarfin hawa ke tafiya. A watan Afrilu, zafi ya haura 40, iska ta yi sako-sako, jirgi cike da kaya, mai yiwuwa ya kasa hawa sam, ga shi yana fizgewa zuwa ɓangaren mataccen injin. Matuƙin da ba ya yawan atisaye, nan yake halaka mutane. Wannan na faɗa masa har sau biyu.

Cessna 172 kuwa, tun 1956 ake ƙera shi, makanikai sun san shi ciki da bai. Inji ya mutu, ba ya faɗowa kamar dutse: daga tsayin mita 2,000 yana iya sulalawa kusan kilomita 18, ya taɓa ƙasa da gudun da bai fi na mota a kan kwalta ba. Fili muna da shi, sai dai rairayi mai taushi na iya kifar da shi. Cirrus na da lema da ke sauko da jirgin ɗungurungum, amma duk shekara 10 sai an sabunta ta da kuɗi masu yawa.

Na ba shi shawarar DA40 NG, in ya samu makanikin da zai riƙe shi. In kuma Cessna na hannu ya zaɓa, ya zauna da littafin tarihin aiki da gyaran injin shafi-shafi. Kamfanin Lycoming, mai ƙera injin akasarin Cessna 172, na so a yi wa irin wannan inji garambawul bayan awa 2,000 ko shekara 12, wanda duk ya riga cika.