Ruwan Fito da Hoto a Asibitin Dabbobi: Wanne Ya Cancanci Kuɗinka?

Hoton eksire yana nuna ƙashi sarai, amma hanji, ƙoda da mafitsara sukan fito dishi-dishi, shi ya sa likitan dabbobi ke buƙatar ruwan da zai fayyace su. Idan kuɗinka ba zai sayi fiye da guda ba, shawarata ka sayi iohexol, wanda aka fi sani da sunan Omnipaque na kamfanin GE Healthcare.

Ruwan aidin ne da ake samu a ƙarfi daban-daban, kamar miligiram 240, 300 ko 350 a kowace mililita, kuma kwalba ɗaya tana yin aikin da sauran ruwan fito da hoto ba sa haɗawa. Ana yin allurarsa ta jijiya ƙoda ta tace shi, a ga hanyar fitsari tun daga sama. Ana ɗura shi ta roba cikin mafitsara idan ana zargin ta fashe. Ana kuma ba kare ko kyanwa ta baki ko da ana tsoron ƙashi ya huda hanji, domin idan ya zuba cikin ciki jiki yana tsotse shi. Duk wanda ya taɓa duba ragon layya da aka ɗirka wa dusa har tsakuwa ta toshe masa fitsari ya san darajar sanin daidai inda toshewar take kafin a ɗauki wuƙa. Tsadarsa ce aibinsa, kuma baya manne wa bangon hanji sosai.

Bariyom salfet, farin garin da ake damawa a ba dabba ta baki, ya fi shi nuna bangon tumbi da hanji, ga araha, sai dai idan hanji ya huje yakan haddasa mummunan kumburin ciki, kuma ba a sa shi a jijiya ko mafitsara ko kaɗan. Diatrizoate, wato su Urografin, shi ma ruwan aidin ne, amma yana janyo ruwa zuwa hanji, don haka dabbar da zawo ya riga ya busar ba ta bukatarsa. Iskar da ake hura wa mafitsara kyauta ce, amma takan iya kutsawa jijiya idan bangon yana zubar da jini.

Abin da na fi dubawa yanzu shi ne hannun da kwalbar ta bi. Wani dillali ya taɓa kawo mana kwalabe da aka manna wa sabuwar takarda a kan tsohuwar ranar ƙarewa, tun daga nan nake gwada lambar rukuni da ke jikin kwalba da ta kwali, in kuma nemi lambar rajistar NAFDAC a kundinta na intanet. Ruwan iohexol ya zama garau, marar launi ko ruwan ɗorawa kaɗan. Idan ka ga gurɓata, ƙanƙara-ƙanƙara a ƙasa ko alamar huji a murfin roba, mayar wa dillalin kayansa. Wasu suna tattara ragowar kwalaben da aka buɗe a asibitocin mutane su sayar da rahusa. Ka tambayi inda aka ajiye shi, domin ba ya son hasken rana ko zafin da ya wuce digiri 30, kuma shagon kwano a watan Afrilu ya wuce haka.

Garin bariyom da ake aunawa a leda ba tare da suna ba ya fi komai haɗari. A 2003 mutane sun mutu a Brazil saboda bariyom salfet da ya gurɓata da bariyom kabonet, wanda ke narkewa a tumbi ya zama guba, alhali ido ba ya bambanta su. Kada ka karɓi bariyom sai a rufaffen mazubin kamfani mai ɗauke da lambar rukuni, kuma ka nemi rasit mai sunan shagon.