Kombain ɗinmu yana aiki, amma kwana taran nan sun tsaya mini a rai

Kaka uku ke nan muna aiki da ƙaramin injin girbin da ni da yayana muka haɗa kuɗi muka saya, wanda aka taɓa aiki da shi, ƙirar Sin, irin mai tafiya a kan sarƙar roba. Gonakinmu a yankin Kura suke, inda ruwan madatsar Tiga ke bi. Shinkafa muke nomawa rani da damina, yawanci irin da ake kira FARO 44. 

Ranar da ya fara shiga gona na yi murna har cikin raina. Hekta ɗayan da muke zuba mutum goma sha biyar da lauje, a yanka, a tara, a buga a jikin ganga, mata su sheƙe, a ci kwana uku, injin nan ya shiga bayan raɓa ta bushe, kafin azahar ya gama. Shanshera fes, ba tsakuwa, ba ƙasa. Baba ya damƙi hannu guda ya murza, ya tauna ƙwaya ɗaya, ya dube mu ya ce, "Allah ya yi muku albarka." Da a ranar na rubuta sharhin nan, yabo kawai za ku karanta.

Sai girbin rani na bara. Mun karɓi kafin alƙalamin manoma shida, shinkafarsu ta nuna, hadari ya fara haɗowa. Muna cikin gona ta biyu, wadda mai ita ya rantse ya yanke ruwa tun kwana goma, inji ya faɗa wani lungu mai taɓo. Direba ya ƙara wuta don ya fita, sai muka ji ƙas! Sarƙar hagu ta tsinke, boris ɗin ƙaramar tayar da ke riƙe ta ya watse. Na durƙusa a cikin laka ina tsintar ƙwayoyinsa ɗaya bayan ɗaya, hannuna yana rawa, don na san abin da ke tafe.

Na kira dillalin da ya sayar mana, mutumin da ya ce da bakinsa, "Alhaji, kayan gyara ba matsala, akwai su a ƙasa." Ya ce gobe. Gobe ta yi, ya ce jibi. Rana ta uku waya ta daina shiga. Yaya ya zagaye kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, ya samo boris, amma sarƙa mai wannan awon babu ita. Sai daga Legas aka ɗoro mana. Kwana tara cur inji yana zaune a taɓo, mun rufe shi da tamfol, muna biyan mai gadi.

Abin da ya fi ƙona mini rai ba kuɗin sarƙar ba ne. Shinkafa idan ta nuna ba ta jiran kowa. Kullum da sassafe garken tsuntsu jan-baki ya sauka kamar hayaƙi, da rana iska ta kaɗa ka ji ƙwaya tana zuba. Wani dattijo cikin waɗanda muka karɓi kuɗinsu ya zo har ƙofar gida, bai ɗaga murya ba, cewa kawai ya yi, "Ɗana, da na sani da lauje na sa." Na mayar masa da kuɗinsa, na ƙara masa na 'yan yanka, amma har yau idan muka haɗu a masallaci nauyinsa nake ji.

Kada in zalunci injin, rabin laifin na gonar da ba ta tsane ba ne, da direban da ya matsa masa. Tun da muka gyara bai sake kwanciya irin haka ba, sai ƙananan abubuwa, bel ya saki, wuƙa ta karye a kan dutse. Ya fi abin da na zata ƙarko.

Sai dai fa yana ci. Man dizal tuni lita ta haura naira dubu, kuma tun da aka saki naira a 2023 duk wani kayan gyara da lissafin dala ake ba ka shi. Fangalinmu ƙanana ne, rabin man a juyawa yake ƙarewa, ba a yanka ba. Ba ya tafiya mai nisa a kan kwalta, kwaltar cin robar take, dole ka ɗauki hayar mota ta kai shi ta dawo da shi. Ga giris kullum, ga hure matatar iska saboda ƙaiƙayi, ga sallamar direba da yaransa. Sannan shansherar da yake fitarwa da danshinta take zuwa, sai an shanya ta sauka kusan kashi 14 cikin ɗari kafin masu kamfani su karɓa ba tare da sun zaftare maka ba. Wannan lissafin dillali bai taɓa yi mana shi ba.

Kuma dillalin nan, wallahi duk lokacin da na tuna raina sai ya ɓaci. Da ya gaya mana gaskiya tun farko, da mun sayi sarƙa ɗaya mun ajiye, gyaran wuni guda ne. Yanzu a ɗakin ajiyarmu akwai sarƙa, bel biyu, boris huɗu da kwalin wuƙaƙe, kuɗi ne kwance da ba mu shirya musu ba. Yaya yana maganar mu ƙara inji na biyu bana. Na ce masa sai na ga shagon kayan gyaransa da idona a cikin Kano, na ɗaga sarƙar da hannuna.