Ƙidayar Ingila ko ta Amurka: wacce za ki fara dubawa?

'Yar'uwa, kin ce wan kakanki ya shiga aikin jirgin ruwa daga Legas bai dawo ba, wasu a gida na cewa Ingila ya zauna, wasu na cewa Amurka, kina tambayar takardun ƙidayar wace ƙasa za ki fara bi. Kafin komai, ki zauna da tsofaffin gidanku ki gano lokacin da ya tafi, ko da a ce kafin yaƙin Hitila ko bayansa. Amsar duk tana nan.

Amurka na ƙidaya duk shekara goma tun 1790, kuma tana sakin sunaye bayan shekara 72. Ta 1950 ta fito a Afrilun 2022, kyauta ake duba ta a shafin ma'ajiyar tarihin ƙasar da kuma FamilySearch, wani shafin binciken asalin iyali. Ingila da Wales kuwa sai an cika shekara 100, don haka ta 1921 ce ta ƙarshe a hannun jama'a, kuma a Findmypast, shafin intanet da ake duba ta, sai kin biya kuɗi.

Ga inda gizo ke saƙa. Takardun Ingila na 1931 sun ƙone ƙurmus a gobarar 1942, a 1941 kuma ba a yi ƙidaya ba saboda yaƙi. Ta 1951 ba za ta fito ba sai 2052. Abin da ya cike gurbin shi ne rajistar da aka yi ranar 29 ga Satumba 1939, wadda ke da cikakkiyar ranar haihuwa da sana'a amma babu wurin haihuwa, wanda shi ne kike nema. Amurka ma ta yi irin wannan asara, ta 1890 gobara ta ci yawancinta a 1921, sai dai wannan bai shafe ki ba.

Ta fuskar rubutu, Ingila ta fi burge ni. A 1911 da 1921 takardar da mai gida ya cike da hannunsa ce aka adana, har da sa hannu. A Amurka ma'aikaci ne ke bi gida-gida yana rubuta abin da kunnensa ya ji. Amma kada ki saki jiki: ma'aikacin jirgi a Liverpool ko Cardiff yawanci ɗan haya ne, mai gidan ne zai rubuta sunansa yadda ya ga dama. Muhammadu na iya komawa Mohamed ko Mamadu, Abdullahi ya zama Abdulla, wurin haihuwa kuma "West Africa" kawai ko Legas, ko da mutumin Bakatsine ne. Ki gwada kowane salo, shekarun ma ki bar musu sarari sama da ƙasa. In kuma yana kan teku ranar ƙidayar, mai yiwuwa ne babu shi gaba ɗaya.

Na gida Najeriya kuwa, ƙidayar 1931 ko ta 1952/53, alƙaluma aka wallafa ba sunayen mutane ba, kada ki ɓata lokaci a kansu.

Shawarata: in bayan 1921 ya tafi, fara da Amurka, ki bi 1930 da 1940 da 1950, tunda ba ki kashe ko sisi ba. In babu shi, sai ki koma rajistar 1939. In kuwa ya riga 1921 fita, ki biya kuɗin nan na Ingila.