Gayyar yini guda ko riƙon tafki duk shekara? Amsa ga Malama

Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya Malama ta kawo tambaya. Tana koyarwa a wata firamare ta wajen Auyo, akwai tafki a bayan makarantarsu da leda da ciyawar kachala suka cinye bakinsa, kuma hedimasta ya ba ta dama ta sa 'yan aji biyar da shida su yi wani abu a kai. Shin ta kira gayya ta yini guda a kwashe sharar, ko ta riƙa kai yaran bakin ruwan duk mako suna lura da shi har shekara ta zagayo? Malama, na yi duka biyun lokacin da nake riƙe da alli, bari in jera miki su.

Ta fuskar kuɗi, gayya tana son manjagara da shebur da baro da buhuna, ga ruwan sha, ga ɗan abin taɓawa. Riƙon tafki kuwa littafi ɗaya ne da biro da igiya. Abin da yake ci shi ne haƙurin malami, don mako na bakwai ba ya da zumuɗin mako na farko.

Wajen burge ido, gayya ce a gaba, ba musu. Da azahar za ki ga tulin leda, bulama ya gani, iyaye sun gani, a yi hoto. Amma ki koma bayan kasuwa ta ci sau biyu. Mai zubar da shara bai daina ba, mai wanke famfon feshi a bakin ruwa bai daina ba, ledar ta dawo kamar ba a taɓa ɗauka ba. Yaro kuma abin da ya ɗauka shi ne an sa su aiki ranar nan.

Abin da yaro zai koya, nan ne tazarar take. Mu abin da muka yi, akwai wata tsamiya a gefen namu tafkin. Muka ƙulla igiya, ƙulli ɗaya duk mita ɗaya. Duk Alhamis da safe yara biyu su ja igiyar daga gindin tsamiyar zuwa inda ruwa ya tsaya, na uku ya rubuta. Sauran su zauna shiru na minti goma, kowa ya faɗi abin da ya gani: balbela nawa, zalɓe nawa, kirinjijiya ta sauka ko ba ta sauka ba, bado ya buɗe ko ya rufe, talibambam ya fara ƙafa ko da saura. Kafin zango ya ƙare, da bakinsu suke gaya mini mita nawa ruwan ya ja baya tun ɗaukewar damina. Su suka fara lura cewa wajen Oktoba da Nuwamba akwai baƙin tsuntsaye da ba a gani da damina, su ɓace wajen Maris. A nan na samu ƙofar gaya musu cewa da yawansu daga Turai suke, sahara suke ƙetarowa su yi hunturu a fadamun Hadeja da Nguru. Ita shamuwa akasin haka take, gab da damina take zuwa, shi ya sa manomi ke murna da ganinta.

Akwai wani yaro, shi ya fi kowa iya danko a ajin. Na so in ƙwace dankon, sai na fasa, na ba shi aikin faɗin sunayen tsuntsaye. Ashe ya fi ni saninsu nesa ba kusa ba, daga kuka kawai yake gane su. Ban ce ya jefar da dankon ba, amma ranar Alhamis a gida yake barinsa, kuma shi ke hana na ƙasa da shi jifa.

Ranar da ba na mantawa ita ce da bazara, masu buga tubali suka tono gaiwa a cikin busasshen laka, ta naɗe a cikin kwanson da ta yi wa kanta. Muka roƙa aka ba mu, muka sa ta a roba muka zuba ruwa. Yara sun kewaye robar ba mai motsi, har ta warware ta kaɗa jela. Wata yarinya ta ce, "Malam, ashe tafkin bai mutu ba ko da ya ƙafe?" Yini guda ba ya haifar da irin wannan tambayar.

Daga nan ne maganar manya take shiga kan yaro. An kammala madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, kuma tun daga nan zuwan ruwa a Kogin Hadeja ya canza. Da ruwa ya kan cika da damina ya janye da rani; yanzu akwai wuraren da ba sa bushewa, wannan ya yi wa kachala daɗi. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta zama gidan tsuntsayen jan baki masu cinye shinkafa da gero. Yaron da ya yi wata shida yana jan igiya zai gane wannan da sauri, don ya san ruwa yana da lokacinsa. Zai kuma gane dalilin da ya sa aka sanya fadamar Baturiya da ke Kirikasamma cikin jerin dausayin duniya masu muhimmanci a 2008.

Sai haɗari, kuma Malama don Allah ki tsaya a nan da kyau. Gayya tana jan yara cikin ruwa ko ba a yi niyya ba. Leda na can taku biyu, yaro zai ce bari in ɗauko. A cikin ruwan nan akwai tsargiya. Mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwan ya ƙyanƙyashe ya shiga ƙananan dodon koɗi, bayan 'yan makonni tsutsar ta fito, ta huda fatar duk wanda ya shiga. Ba sai an sha ba, tsoma ƙafa ya isa, kuma da tsakar rana suka fi yawa. Har yau akwai masu ɗaukar fitsarin jini a wajen yaro alamar balaga ce. Cuta ce, kuma tana da magani, praziquantel, wanda ake rabawa a makarantu kuma ana samunsa a asibiti. Ga fasassun kwalabe, ga maciji a cikin kachala, ga ramukan da aka ɗebi ƙasa waɗanda ba a ganin zurfinsu. A tawa gayyar, kwalba ta yanke wata yarinya a tafin ƙafa, na kai ta aka ɗinke, kuma mahaifinta ya yi gaskiya da ya ce ba don haka ya turo ta makaranta ba. Yankan kachala kuwa aikin manya ne da lauje, don sai an yanke ta a ƙarƙashin ruwa take mutuwa. A riƙon tafki komai daga tudu ake yi, doka ɗaya ce: ba mai taka ruwa.

Shi ma riƙon yana da nasa rauni. Da an yi wa malamin canjin wurin aiki yakan mutu. Dogon hutu yana faɗowa a Agusta, daidai lokacin da tafki ya fi rai. Idan kika sa shi bayan tashi, 'yan mata na da talla, maza na da kiwo, ba za ki ga kowa ba. Saboda haka ki ciro rabin awa daga darasin kimiyya, ki haɗa kai da wani malami tun farko, da hutu kuma ki bar littafin hannun yara biyu da gidajensu ke kusa, tare da sanin iyayensu. Ki je wajen bulama kafin ki fara. In akwai tsohon masunci a garin, ki roƙe shi ya zo ko sau ɗaya a wata; zai gaya musu kifayen da ake kamawa a da, tarwaɗa da karfasa da kurungu, da ɓarnar da kamun kifi da gidan sauro ke yi wa 'ya'yan kifi.

Ni dai da ni ce ke, da riƙon zan fara. Bayan zango ɗaya littafin zai nuna ta wane ɓangare shara ke shigowa da kuma ranakun da take ƙaruwa. Ranar 2 ga Fabrairu ita ce ranar dausayi ta duniya. Ki gayyaci bulama da kwamitin makaranta, yaran su karanta musu abin da suka rubuta da bakinsu. Sai a sa gayyar a Maris ko Afrilu, lokacin da ruwa ya ja baya: yara su tsinci leda a busasshiyar ƙasa da takalma a ƙafarsu, manya su shiga wa kachala. A kuma tsayar da wani wuri daban na zubar da shara da wanke famfon feshi tun kafin ranar.

Wannan Alhamis ɗin, ki nemi bishiyar da ruwa ba ya kaiwa ko da damina ta yi ƙarfi, ki ɗaura igiyar, ki bar su su rubuta awon farko.