Saikoloji ko kimiyyar ƙwaƙwalwa: wanne ya dace da ƙanwarka?

Ɗan'uwa, ka ce ƙanwarka na son karatun da zai fahimtar da ita abin da ke jefa matasa cikin shaye-shaye, amma ta rasa wanda za ta cike tsakanin Saikoloji, wato ilimin halayyar ɗan Adam, da kimiyyar ƙwaƙwalwa. Matsala ɗaya suke dubawa, sai dai kowanne da ƙofar da yake shiga.

Ɗauki yaron da ya kamu da shan kodin, maganin tarin nan da gwamnatin Najeriya ta hana haɗawa da shigo da shi a 2018. Masanin Saikoloji zai tambaya: yaushe yake sha, da su wa, wace damuwa yake gudu, me ke mayar da shi bayan ya daina? Aikinsa zama da mutane ne, da auna hali, da taimaka wa yaron ya sauya tunani da ɗabi'a. Masanin ƙwaƙwalwa kuwa cikin jiki zai bi maganin. Hanta tana juya wani kaso na kodin ya zama mofin, ya kama ƙwayoyin jijiya, sinadarin dofamin mai sa jin daɗi ya ƙaru, sannu a hankali ƙwaƙwalwa ta saba har kwalba ɗaya ta daina isarsa. Wannan masanin yini yake a ɗakin gwaji, da ɓeraye da ƙudaje da madubin ƙara girman abu.

Saikoloji digiri ne na shekara 4, galibi a tsangayar kimiyyar zamantakewa. Jami'ar Najeriya da ke Nsukka ce ta fara buɗe sashensa a 1964, a Arewa kuma Jami'ar Jos ta daɗe tana koyar da shi. Ka gaya mata tun yanzu akwai lissafin ƙididdiga sosai a ciki, ɗalibai da yawa a nan suke shan wuya. Kuma sai ta yi digiri na biyu a ɓangaren asibiti kafin ta zama ƙwararriyar da ke duba masu lalura.

Kimiyyar ƙwaƙwalwa a ƙasar nan yawanci ta Anatomi (ilimin ƙirar jiki) ko Fisiyoloji (ilimin yadda jiki ke aiki) ake bi, da Bayoloji, Kyamistare da Fiziks a JAMB, sannan a ƙware a gaba. Cibiyar BioRTC da Dakta Mahmoud Bukar Maina ya assasa a Jami'ar Jihar Yobe, Damaturu, tana horar da matasa a wannan fanni. Hanya ce doguwa, aikinta koyarwa ne da bincike, kuma da wuya a tsaya ba a kai digiri na uku ba.

Dukansu biyun ba sa rubuta magani. Wannan hurumin likitan taɓin hankali ne, irin na asibitocin Barnawa a Kaduna da Kware a Sakkwato: shekara 6 na karatun likita, sannan horon ƙwarewa.

A ganina, tunda damuwarta yaran unguwa ne da yadda za a ceto su, Saikoloji ya fi kusa da burinta. Kafin ta sayi fom, ta duba darussan da jami'ar da take so ta gindaya, domin sukan bambanta.