Lauyan kyauta da zaman kotu ta bidiyo: yadda ta kaya mana a shari'ar gidan mahaifinmu

Duk wanda ya fito daga Bama a watan Satumba na 2014, lokacin da 'yan Boko Haram suka ƙwace garin, ya san cewa babu wanda ya tsaya ɗaukar takarda. Mu ma haka muka fito, kuma cikin abin da wuta ta cinye mana har da takardar cinikin wani gida da mahaifinmu ya saya a bayan garin Maiduguri tun kafin rikici. Allah ya yi masa rasuwa a gudun hijira, ni kuma na ɗauko mahaifiyarmu na dawo da ita Kano inda nake sana'a. Mutumin da Baba ya ba aron gidan don ya fake da iyalinsa, da ya ga mai gida ya kwanta dama, sai ya ce ai sayar masa aka yi. Wannan ce ta kai mu ga wata ƙungiya mai ba waɗanda rikici ya raba da muhallinsu taimakon lauya kyauta, kuma a kan aikinta nake wannan sharhi, domin gidaje masu irin matsalarmu a Borno da Yobe da Adamawa ba su ƙirguwa.

Na je ne da zaton cewa kyautar a baki za ta tsaya, daga baya a ce a kawo kuɗin buɗe fayil, a kawo na mota, a kawo na masinja. Har yau ba a karɓi ko sisin kwabo daga hannunmu ba, kuma kuɗin shigar da ƙara ma su suka biya. Lauyar da aka haɗa mu da ita matashiya ce, tana jin Kanuri da Hausa, kuma tambayarta ta farko ita ce ko akwai wanda ya taɓa ɗaukar hoton takardar. Ashe ƙanena ya ɗauka da tsohuwar wayarsa, hoton yana nan a katin ajiya da ya tsira a aljihunsa. Ni a ganina hoton waya ba abin da za a nuna wa alƙali ba ne, amma Barista ta zaunar da ni ta bayyana mini cewa Dokar Shaida ta 2011 ta yarda a karɓi kwafi idan an tabbatar asalin takarda ya salwanta, kuma sashe na 84 ya buɗe ƙofa ga abin da ya fito daga na'ura, muddin an haɗa da takardar da ke bayyana wace na'ura ce da yadda aka fitar da shi. Ita ta rubuta wannan takarda, ita ta nemo bulaman unguwar da aka yi cinikin a gabansa, ta kuma gano ɗaya daga cikin shaidun yana raye a Damaturu. Kafin duk wannan sai da ta sa muka samo takardar shaidar rasuwar Baba da ta tabbatar da magada, abin da ba mu san ana bukata ba.

Inda aikinsu ya fi burge ni shi ne maganar shaidar Inna. Ita ce ta ƙirga kuɗin gidan da hannunta ranar ciniki, don haka babu makawa sai ta yi magana a gaban kotu. Amma tsohuwa ce mai hawan jini da ciwon gwiwa, tafiyar Kano zuwa Maiduguri kuwa ta kusa kilomita 600, kuma tun kisan matafiyan da aka yi a Auno a watan Fabrairu na 2020 ta ce ita da hanyar Damaturu har abada. Barista ta roƙi kotu a ji shaidarta ta bidiyo, aka kuma amince. A nan ne na san cewa Borno ce jihar da ta fara zaman kotu ta intanet a Najeriya, a watan Afrilu na 2020, ƙarƙashin Babban Alƙalin jihar, Mai Shari'a Kashim Zannah, kuma a watan Yuli na shekarar Kotun Ƙoli ta ce irin wannan zama bai saɓa wa kundin tsarin mulki ba. Jihar da ta fi kowace shan wuyar yaƙi ita ta riga kowa, kuma hakan bai ba ni mamaki ba, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ranar zaman, ƙungiyar ta shirya mana ofishin wani lauya a nan Kano. Inna ta yi alwala tun daga gida saboda rantsuwa da Alƙur'ani, ta yafa babban mayafinta, aka zaunar da ita gaban kwamfuta. Da fuskar lauyarmu ta bayyana sai ta ce, "Mama, ina kwana? Kada ki ji tsoro, abin da kika sani kawai za ki faɗa." Inna ta matso da fuskarta har ta kusa taɓa gilashin, ta ce, "'Yata, kina ganina kuwa?" Kafin a fara, lauyan ɗaya ɓangaren ya tashi ya ce ba shi da tabbacin babu mai raɗa mata amsa daga gefe. Alƙali ya umarta a juya kamara a nuna kowane lungu na ɗakin, sannan ni in fita. Raina ya sosu a lokacin, amma gaskiya ce ya bi, kuma hakan ya toshe bakin duk mai son tayar da magana daga baya. Daga bakin ƙofa na ji ta tana lissafa iyakokin gidan ɗaya bayan ɗaya, darbejiyar da ke ƙofa, rijiyar da Baba ya haƙa ta gabas, da sunan maƙwabcin da suka haɗa katanga, kowace jimla ta rufe da "ranka ya daɗe". Matar da ta shekara da shekaru ba ta iya ambaton Borno ba tare da hawaye ba, ranar muryarta ko rawa ba ta yi ba.

Sai dai a wannan zaman ne kuma na fara ganin inda gizo ke saƙa. Ana tsakiyar yi mata tambayoyin ƙwaƙƙwafi hoton ya daskare, murya ta riƙa zuwa a gutsuttsure, tafinta yana fassara rabin tambaya, Inna tana amsa abin da ba a tambaye ta ba. Lauyan can ya so ya riƙe wata amsa da ta bayar game da shekarar ciniki, alhali tambayar ce ba ta iso mata daidai ba. Da ba don Barista ta miƙe nan take ta nemi a maimaita ba, kuma alƙali mai haƙuri ne, da wannan tangarɗa ta intanet ta shiga kundin kotu a matsayin saɓanin magana. Daga ƙarshe layin ya yanke gaba ɗaya, aka ɗage sauran tambayoyin zuwa wani wata. Ban ɗora wa kowa laifin wannan ba, domin kowa ya san an sha farfasa turakun sadarwa a yankin, kuma tun da aka tarwatsa turakun wutar lantarki a farkon 2021 Maiduguri ta daɗe cikin duhu. Abin da nake tuhumar ƙungiyar da shi shi ne rashin tanadi: babu layi na biyu, babu gwajin na'ura kafin ranar, kuma duk saƙonnin tunatarwa da suke turowa da Turanci suke zuwa, zuwa wayar tsohuwar da ko boko ba ta yi ba. Wanda ba shi da ɗa mai karatu kusa da shi, ranar zamansa za ta wuce bai sani ba.

Duk da haka, da a nan aka tsaya da na ba su cikakken yabo, musamman ganin cewa lokacin ambaliyar Satumba ta 2024, da madatsar ruwan Alau ta ɓalle ta mamaye Maiduguri, fayil ɗinmu bai salwanta ba saboda tun farko sun ɗauki hoton kowane shafi sun adana a kwamfuta. Abin da ya ɓata mini rai ya zo ne a farkon 2025, bayan gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin da take bayarwa a ƙasashen waje, ƙungiyoyin agaji da dama a arewa maso gabas suka rage ma'aikata. Tamu ma abin ya shafe ta, aka sallami Barista tare da wasu. Na fahimci cewa rashin kuɗi ba laifinsu ba ne. Amma babu wanda ya kira mu ya ce ga halin da ake ciki, lambar da suka ba mu ta koma wata murya da aka naɗa da Turanci tana cewa a bar saƙo, kuma fayil ɗin nan da aka yi ta yabon an adana shi, a kwamfutarsu yake, mu ko shafi ɗaya ba mu da shi. Ranar zama ta zo babu lauya a ɓangarenmu, ɗaya ɓangaren ya nemi a kori ƙarar. Mutanen da suka rasa gida saboda takarda ta ƙone, bai kamata a sake barin su hannu rabbana ba takarda ba, kuma tura mana kwafi ta WhatsApp ba zai ci musu komai ba.

Barista ce, da ta ji labari daga wata abokiyar aikinta, ta je kotun a zama na gaba da kuɗin motarta, ta roƙi a ba mu lokaci, ta kuma bi ta ofishin ta karɓo mana kwafin komai. Ita kam babu abin da zan ce sai Allah ya saka mata da alheri, ya yi wa iyayenta albarka. Ƙungiyar kuwa, ta yi rabin aiki mai kyau ƙwarai, ta saki rabin a inda ya fi haɗari. Wanda zai je wurin irinsu ya je, domin lauyoyinsu sun san aiki, amma tun ranar farko ya karɓi lambar ƙararsa a rubuce, da kwafin duk takardar da aka shigar, da lambar wayar lauyan ta kansa.

Yanzu mun miƙa takardar neman taimako ga Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta Ƙasa, wadda aka kafa tun 1976, kuma dokarta ta 2011 ta tanadi taimako ga wanda abin da yake samu bai wuce mafi ƙarancin albashi ba. Da sunan Inna muka nema tunda ba ta da wata hanyar samu. Shaidarta tana cikin kundin kotu, bulama ma ya bayar da tasa, saura mutumin Damaturu, wanda shi ma muke roƙon a ji tasa ta bidiyo.