Yadda suke busar da katako a nan Amurka

Yaya barka da war haka, ya kasuwa, ya mutanen 'yan katako na Na'ibawa. Ka tambaye ni me yasa ƙofar ƙasar waje bata buɗe baki da hunturu amma tamu sai ta tsage ko ta karkace, to wlh itacensu bai fi madaci da iroko ba, bushewa ce kawai suka fi mu.

A kamfanin da nake aiki nan Pennsylvania ba'a sayar wa kafinta katakon kayan ɗaki sai danshinsa ya sauko kashi 6 zuwa 8 cikin ɗari, kuma ba da ido ko ƙwanƙwasawa ake ganewa ba, wata 'yar mita ce mai allura biyu, ka soka a jikin katakon ta nuna maka lamba. Jera shi ake a wani ƙaton ɗaki rufaffe, kowane layi da 'yan sanduna a tsakani don iska ta ratsa, fankoki na ta kaɗa zafi dare da rana. Ɗanyen oak, wani itace mai tauri da ake kayan ɗaki dashi a nan, mai kaurin inci 1 sai ya ci wajen wata guda a ciki, kowa kuma so yake ya rage kwanakin nan saboda kuɗin wuta, amma shi oak baya son garaje, daga wajen digiri 43 ake farawa da laima sosai a ɗakin, sai ya saki ruwa tukunna a riƙa ɗagawa har kusan 80. In ka matsa masa tun farko sai wajensa ya ƙame cikinsa na jiƙe, ya tsattsage ta ciki, a ido lafiya lau sai an sa zarto aga ramuka kamar saƙar zuma, asara kenan.

Dabarar da suke yi su fara shanya shi a rumfa, su shafe bakin kowane katako da kaki kar ya tsage, in ya sha iska sannan ya shiga ɗakin, kwanakin sun ragu sosai. Akwai injin da ke zuƙe iskar ciki ruwan ya fita cikin 'yan kwanaki, amma tsada gareshi.

Abin na damuna Yaya, mu da muke da rana kyauta amma a sauke katako daga kudu yau yana jiƙe gobe an yi gadon amarya dashi. Ƙananan masu sana'a a nan ɗaki suke yi mai rufin leda mai gangare da fanka biyu, rana ce ke dumama shi, sola ɗaya ta isa ta juya fankokin. Sai dai da hunturun Kano ka rage buɗe tagoginsa, iskar ta cika bushewa. Mitar kuma zan bayar a kawo maka insha Allah, ka fara gwadawa akan lodin da za'a sauke maka.